Gwaji ya ce babu bairos a jini, likita ya ce kada a daina magani: ina cutar ta ɓuya?

Tambaya: Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare. Ƙanena ya shekara huɗu yana shan tenofovir saboda ciwon hanta nau'in B. Gwaji biyu na baya-bayan nan sun nuna ba a ga bairos a jininsa ba, amma likita ya ce kada ya kuskura ya daina sha. Da na matsa da tambaya sai ya ce cutar tana kwance a hanta, kuma wai batun “ifijenetik” ne. In ba ta cikin jini, a ina take, kuma mene ne wannan abin da ke kwantar da ita ko ya tayar da ita?

Amsa: Malam, Allah ya ba ƙanen naka lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Likitan nan gaskiya ya faɗa maka, sai dai ya dunƙule zancen. Tunda kai mai koyar da bayoloji ne, ba zan yi maka rowar bayani ba.

Gwajin da aka yi masa yana ƙirga DNA ɗin bairos da ke yawo a jini ne. Shi kuwa tenofovir aikinsa guda ɗaya ne: yana toshe enzayim ɗin, wato furotin mai gudanar da aiki, da bairos ke amfani da shi wajen buga sababbin kwafin DNA ɗinsa. In an daina buga kwafi, jini zai yi tas. Amma asalin rubutun da ake kwafa daga gare shi yana nan zaune a cibiyar tantanin hanta, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi hanta, inda maganin ba ya taɓa shi ko kaɗan. An rufe wurin buga littafi ne, littafin asali yana cikin adaka.

Ga yadda ya shiga adakar. Bairos ɗin ciwon hanta na B ɗan mitsitsi ne ko a cikin 'yan uwansa. DNA ɗinsa bai wuce haruffa 3,200 ba, alhali namu ya haura biliyan 3. Yana shiga tantanin hanta ta wata ƙofa mai suna NTCP, wadda aikinta na asali shigar da gishirin ruwan ɗaci ne. Tawagar Li Wenhui a Beijin ce ta gano haka a 2012. Da ya isa cibiyar tantani, DNA ɗinsa ba cikakke ba ne: zobe ne mai igiya biyu, ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Sai ma'aikatan gyaran DNA na tantanin, masu yin aikinsu tsakani da Allah, su ga abu a yage su ɗinke shi. Da hannunmu muke kammala masa. Abin da ya fito shi ne rufaffen zobe da masana ke kira cccDNA. Ni zan riƙa ce masa zobe kawai. Kwafinsa a tantani ɗaya ba su da yawa, sau da dama ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma tantanin hanta yana da tsawon rai kuma ba kasafai yake rabuwa ba, don haka zoben yana samun wurin zama na dindindin.

Yanzu ifijenetik. Kalmar ta fito ne daga bakin Conrad Waddington, masani ɗan Ingila, a 1942, kodayake ma'anarta ta sauya sosai tun daga lokacin. Abin da ake nufi da ita yau shi ne alamomin da ake ɗorawa a kan DNA, ko a kan furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsu, waɗanda ke sauya yadda ake karanta shi ba tare da an sauya ko harafi ɗaya ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin babbaƙu da farfaru. Kaf da ta da ba suna nan yadda suke, amma wasalin da aka ɗora shi ne zai sa ka karanta “kataba” ko “kutiba” ko “kutub”. Misalin bai cika ɗari bisa ɗari ba, domin a tantani alamomin ba ma'ana suke juyawa ba. Su ne ke yanke hukuncin a karanta wurin ko kada a karanta, a ɗaga murya ko a yi raɗa. Amma tushen ɗaya ne: baƙi bai motsa ba, karatu ya sauya. Da wannan ne tantanin hantarka da na ƙwaƙwalwarka suka bambanta, alhali littafi ɗaya ne a hannunsu.

Alamomin iri biyu ne suka fi shafar zancenmu. Na farko a kan DNA kansa: ana liƙa wani ɗan ƙaramin sinadari, metil, a kan harafin C da G ke bi masa baya. In irin wannan ya taru a bakin wani jin, wato yankin DNA mai ɗauke da umarni guda, inda ake fara karatu, yawanci jin ɗin ya yi shiru ke nan. Na biyu a kan histon. Ka san DNA ɗin tantani ɗaya, in an miƙe shi, ya kai kusan mita 2, kuma dole ya shiga cibiyar da ido ba ya gani. Don haka ake naɗe shi a kan ƙananan dunƙulen furotin, kamar zare a kwarkwaron masaƙa: histon takwas a kowane dunƙule, haruffa 147 a kowane naɗi. Kowane histon yana da ɗan wutsiya da ke leƙowa waje, kuma a kan wutsiyar ake sa alama. In aka liƙa asetil, naɗin ya saki, masu karatu su samu shiga. In aka cire asetil aka sa metil a wasu gurabe, musamman gurbi na 9 ko na 27 a wutsiyar histon H3, sai naɗin ya ƙulle tam. Rubutun yana nan ciki, kamar laya da dukawa suka ɗinke a fata, amma ba mai iya karanta shi.

To duk DNA ɗin da ya shigo cibiya tsirara, tantani ba ya barinsa haka. Nan da nan yake naɗe shi a histon. Tun a tsakiyar shekarun 1990 aka nuna cewa zoben bairos ɗin hanta naɗe yake, ya zama tamkar ƙaramin kuromosom, wato irin ƙunshin da namu DNA ɗin ke naɗe a ciki. Kuma tantani ba don karamci yake yi ba. Naɗewar wata hanyar kariya ce, tsohuwa ƙwarai: baƙon rubutu ya shigo, ba a san abin da ke cikinsa ba, a ɗaure shi a rufe. Kusan kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin ɗan Adam ragowar tsofaffin bairos ne da suka shiga kakannin kakanninmu, kuma da irin waɗannan alamomi ake danne mafi yawansu har yau.

Ta yaya aka san wace alama ce a kan zoben? Bari in kai ka ɗakin gwaji kaɗan, don aikin na da ban sha'awa. Ana ɗaukar ɗan tsokar hanta da allura ta ciro, sirara kamar tsinke. A jiƙa ta da fomaldihaid na 'yan mintoci, wanda ke manne kowane furotin da DNA ɗin da yake riƙe a daidai lokacin, kamar an ce kowa ya tsaya inda yake. Sai a farfasa da na'ura mai ƙara. Daga nan a zuba wani furotin na garkuwar jiki da ba ya kama komai sai histon mai ɗauke da asetil, a janyo shi da 'yan ƙananan duwatsun maganaɗiso zuwa gefen kwalba, a wanke saura. Abin da ya rage a gefen kwalbar, ɗan ɗigo da kyar ido ke gani, shi ake tambaya: akwai DNA ɗin bairos a cikinka, kuma nawa? Da wannan dabara tawagar Massimo Levrero a Italiya ta nuna a 2006 cewa masu bairos da yawa a jini, zobensu cike yake da asetil. Masu kaɗan kuwa, asetil ɗin ya ragu, kuma enzayim mai cire shi yana zaune a kan zoben. Wasu binciken kan tsokar hanta sun nuna cewa inda metil ya yi yawa a kan zoben, haihuwar bairos tana raguwa.

In haka ne, me ya hana tantani ya rufe zoben gaba ɗaya a huta? A nan ne wayon bairos yake, kuma nan ne ya fi burge ni a duk labarin. Cikin 'yan furotin ɗin da yake yi akwai wani ƙarami da aka daɗe ba a san aikinsa ba, har aka sa masa suna X, ana ce masa HBx. An gwada ƙera bairos da ba shi da HBx aka sa wa tantanin hanta. Ya shiga lafiya, zobe ya ƙullu lafiya, sai kuma tsit. Ba a karanta komai. Histon ɗin zoben sun cika da alamar rufewa. Da aka kawo HBx daga waje, ko bayan makonni, sai zoben ya farka ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Wannan gwajin kaɗai ya isa ya amsa rabin tambayarka: shiru ba mutuwa ba ne, likimo ne.

A 2016 tawagar Michel Strubin a Janeba ta gano babban aikin HBx. Tantani yana da wani mai gadi, Smc5/6, wanda ke kama DNA ɗin da ba ya cikin kuromosom ɗinmu ya hana a karanta shi. HBx ba ya faɗa da mai gadin kai tsaye. Yana zuwa ya riƙe wani furotin namu mai suna DDB1, wanda ke cikin masu sa wa tsofaffin furotin tambarin “a kai juji”, ya karkata hannunsa ya buga tambarin a kan mai gadin. Tantani da kansa ya kwashe mai gadinsa ya niƙe. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar nan ba.

Saboda haka abin da ke faruwa a hantar ƙanenka ja-in-ja ne da ba ya ƙarewa. Tantani na ɗaurewa, HBx na kwancewa, garkuwar jiki na taimakon tantani daga waje. Tenofovir bai shiga wannan kokawar ba sam. Can ƙasa ya tsaya ya tare hanya. Shi ya sa za ka ga takarda ɗaya ta ce ba a ga DNA ba, ɗayar kuma ta ce HBsAg yana nan. Wannan yana rikita iyalai da yawa, har wasu su zargi ɗakin gwaji da kuskure. Ba kuskure ba ne. HBsAg furotin ne na rigar bairos, kuma muddin ana karanta zoben za a riƙa yin sa. Ƙari a kan haka, gutsattsarin DNA ɗin bairos kan shige cikin kuromosom ɗinmu su manne. Ba sa iya haifar da cikakken bairos, amma suna iya ci gaba da zubo HBsAg. Ranar da aka ajiye magani, zoben da ke buɗe zai koma buga kwafi, bairos ya cika jini cikin makonni ko watanni, garkuwar jiki ta afka wa hanta da ƙarfi. Wannan tashin yana iya kai wa ga gazawar hanta, musamman ga wanda hantarsa ta riga ta yi tabo. Akwai marasa lafiya da likitoci kan gwada dakatar musu da magani, amma bisa sharuɗɗa, tare da gwajin jini a kai a kai. Ba shawara ce da ake yankewa a gida ba, balle a ce don kuɗin magani ya yi nauyi wata biyu a huta. In kuɗi ne matsalar, a gaya wa likita tun kafin kwalbar ta ƙare.

Har waɗanda ake cewa sun warke, wato HBsAg ya ɓace daga jininsu, da yawansu zoben na nan a hanta a ƙulle. Shaidar ita ce abin da kan faru in aka danne garkuwar jikinsu. Maganin rituximab, da ake bai wa masu wasu nau'o'in sankarar jini, ya tayar da ciwon hanta a jikin mutanen da suka manta sun taɓa yin sa, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani kan haka a kwalinsa a 2013. Shan magungunan sitiroyid masu ƙarfi na dogon lokaci ma yana da irin wannan haɗari, kuma ka san yadda ake sayar da su a kemis ba tare da takardar likita ba, har da masu sha don ƙiba. Ƙanenka ya riƙa faɗa wa duk likitan da zai duba shi cewa yana da wannan cuta.

Ba bairos ɗin hanta kaɗai ke wannan wasa ba. Ƙurajen da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda muke cewa zazzaɓi ya fito, aikin bairos ɗin hafis ne. Yana kwance a jijiyoyin fuska tun ƙuruciya, DNA ɗinsa ɗaure da alamomin rufewa a histon. In jijiya ta shiga matsi, saƙon matsin yana sa a liƙa wata alama, fosfet, daf da alamar rufewar, sai ƙullin ya saki ba tare da an ma goge ta ba. Mako ɗaya ko biyu ƙurji ya bushe, bairos ya koma lamɓo.

Wanda ya fi su iya shege shi ne bairos ɗin Epstein-Barr, da ke jikin fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya. Tarihinsa a Afirka ya fara: likita Denis Burkitt ya bayyana wata sankarar muƙamuƙi a jikin yara a Yuganda a 1958, kuma a cikin tantanin wannan sankara ne Epstein da Barr da Achong suka ga bairos ɗin a 1964. Yana shiga tantani babu metil a DNA ɗinsa. A hankali tantani ke bi yana liƙa masa, da niyyar rufe masa baki. Rufewar tana yi masa amfani ta farko, domin furotin ɗin da garkuwar jiki za ta gane shi da su sun daina fitowa. A sankarar Burkitt kusan guda ɗaya tak yake bari, EBNA1. Sannan ga abin mamaki: furotin ɗin da ke tayar da shi daga barci, Zta, ya fi son kama wasu gurabe in suna ɗauke da metil. Ma'ana bairos ba ya iya kammala haihuwa sai tantani ya gama sa masa kwaɗon. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ina kawo wannan ne don kada ka koya wa ɗalibanka cewa metil kullum rufewa yake nufi. Yawanci haka ne, amma alama alama ce kawai, ma'anarta tana wurin mai karanta ta.

Masu neman magani sun rabu gida biyu a kan wannan ilimi. Wasu na cewa a tayar da mai barci a kashe shi. An gwada haka a kan HIV, wanda shi DNA ɗinsa cikin kuromosom ɗinmu yake shigewa ya kwanta. A 2012 tawagar David Margolis a Amurka ta bai wa marasa lafiya vorinostat, mai hana cire asetil, kuma lallai bairos ya motsa, an ga saƙonninsa sun ƙaru a tantani. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna rumbun da ke ɓoye ya ragu yadda ake fata ba. Tayarwa daban, kashewa daban. Ɗaya gidan na cewa a bar shi a kwance, a ƙara masa kwaɗo har ya kasa tashi. A ganina, ga ciwon hanta na B, wannan ta biyun ta fi kama hankali, domin HBx ya riga ya buɗe zoben, babu wani abin tayarwa.

Muna ma da tsohon magani da ke yin wani abu makamancin haka. Allurar intaferon, da ake yi mako-mako na tsawon makonni 48, tana cikin ayyukanta rage asetil a kan zoben da jawo masu rufewa, kamar yadda tawagar Levrero ta nuna a 2012. Sai dai tana da wahalar sha'ani, zazzaɓi da kasala da damuwa, ga tsada, kuma waɗanda HBsAg ɗinsu ke ɓacewa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sabon yunƙuri shi ne a aika wani furotin da aka ƙera, ya nemo DNA ɗin bairos takamaimai, na zobe da wanda ya manne a kuromosom, ya liƙa masa metil ba tare da ya yanka komai ba. A ƙarshen 2024 kamfanin Tune Therapeutics ya samu izinin fara gwada irin wannan a jikin mutane a Niyu Zilan. Matakin farko ne na gwaji, inda ake duba lafiyar abin kafin amfaninsa, kuma labarin Zta ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da murna. Duk wanda ya tare ku a tasha ko a rediyo da jarka yana cewa yana wanke hanta tas cikin kwana 40, ku tambaye shi yadda ruwan jarkar ke shiga cibiyar tantani. Wasu daga cikin haɗe-haɗen nan ma su ke ƙarasa hantar.

Wani abu da ya sa bibiyar asibiti ba ta tsayawa ko da jini ya yi tas: bairos ba zobensa kaɗai yake taɓawa ba. HBx yana zuga enzayim ɗin da ke liƙa metil, su je su rufe wasu jin namu masu taka wa tantani birki, irin su p16. Wannan, tare da gutsattsarin da suka manne a kuromosom da kumburin shekara da shekaru, yana cikin hanyoyin da ke kai wa ga sankarar hanta. Magani yana rage haɗarin ƙwarai, amma bai mai da shi sifili ba, don haka in likita ya ce a riƙa hoton hanta duk wata shida, a yi. A kuma kiyayi gyaɗa da masara masu fumfuna, domin gubar aflatoksin da ke cikinsu in ta haɗu da wannan bairos haɗarin ninkuwa yake yi.

Tunda zoben in ya ƙullu ba mu da abin fasa shi tukuna, hana shi ƙulluwa shi ne abin da ke hannunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar a 2022, kuma binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manya. Babba in ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne cutar ke zaunar musu. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10. In ƙanen naka yana da iyali, a gwada matarsa da yaransa da ku 'yan uwansa na ɗaki ɗaya, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. In kuma ana jiran haihuwa a gidan, allurar farko cikin awa 24 ake so a yi wa jariri, ko da a gida aka haihu, ba sai an jira suna ba.